Yaren da Alhaji Younoussa Ya Farka da Shi

Shafi na 17

Jama'ar wannan shafi, na ga saƙonninku. Wata baiwar Allah daga Damagaram ta ce in ban ci gaba yau ba za ta daina gaishe ni. To ga shi. A yi wa tsoho uzuri, da yatsa ɗaya nake bugawa.

Wanda ya shigo yau, ga inda muka tsaya. Aminina Alhaji Younoussa, mutumin Maraɗi, ya yanke jiki ya faɗi a siton da yake aiki bayan titin Wendover, nan Greensboro ta Amurka. Ya farka ɓarin dama a shanye. Hausa ta tafi, Faransanci ya tafi, ɗan Turancin ma ya bi su. Abin da ya rage a bakinsa wasu kalmomi ne da ba wanda ya san su, yana faɗinsu guntu-guntu yana bugun hannun kujera da hannun hagu. Matarsa Hajiya Bebi ta ce aljanu ne. Ta sallami matar da asibiti ke turowa tana koya masa magana, ta hana a ɗauki muryarsa a waya, ta sa ɗansu Safwan ya yanki tikiti. Gobe da safe za a tafi da shi gida wurin masu ruƙiyya. Likitansa kuwa ya ce in aka katse masa koyon magana a wannan tsakanin, da wuya bakin ya sake buɗewa.

Ni Uzairu, da ba ni da aiki sai sauraren abin da bai shafe ni ba, na haddace kalmomin har da bugun. 'Yata Ikram ta kai ni wurin wata abokiyar karatunta a jami'a, Lucia, 'yar ƙasar Suriname, baƙa kamar mu, wadda ta taɓa koyar da baƙi yaren Holan kafin ta zo Greensboro. Da na faɗi kalmomin ba ta gane ko ɗaya ba, don bakina ya cusa musu wasula ta ko'ina. Da ta ga hannuna yana yin abin da nasa ke yi, sai ta ajiye kofin shayinta.

Mu ɗora daga nan.

Bayan Azahar Lucia ta ɗauke ni a unguwarmu ta Glenwood. Na sa ta tsaya a wani kanti na sayi lemo leda guda na ɗora mata a cinya. Ta tambaye ni na mene ne. Na haɗa Turancina na gaya mata cewa a wurinmu ana iya rufe wa maƙwabci ƙofa, ana iya rufe wa suruki, amma wanda ya zo dubiya da leda a hannu ba a mayar da shi daga bakin ƙofa. Ta ce in matar ta mayar da mu fa? Na ce to ta bar Hausa ke nan ita ma.

Hajiya Bebi ta buɗe ƙofar da sarƙa a jiki. Ƙamshin habbatus sauda da turaren wuta ya riga ta fitowa. Ta dube ni, ta dubi Lucia, ta dubi ledar. Ledar ta fi daɗewa tana kallo.

"Malam Uzairu, ai mun yi sallama jiya."

"Ni na yi, Hajiya. Baƙuwa ce ta zo dubiya."

Ta tsaya kamar ba za ta zare sarƙar ba. Sannan ta zare.

Falon ya cika da akwatuna. Safwan yana durƙushe da rigar aikinsa, yana ɗora wani akwati a kan sikelin banɗaki yana saukewa. Ya gaishe ni a gajiye. Alhaji yana kujerarsa ta bakin taga, an rufe masa ƙafafu da bargo, yana kallon motocin Wendover suna wucewa. Tun da ya dawo daga asibiti nan yake yini.

Lucia ba ta zauna inda aka nuna mata ba. Ta je gabansa ta durƙusa har idonta ya zo daidai da nasa, ta gaishe shi da yaren Holan, a hankali, kamar yadda ake gaida babba.

Na san Alhaji Younoussa tun ina sabon zuwa garin nan. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi abin da ta yi ba. Ɓarin da ke da rai ya ɗauki rawa. Hawaye ya zubo ta ido ɗaya. Ya ɗaga hannun hagu, ya buga hannun kujera da ƙarfi, ya juya tafin ya sara da gefensa kamar wuƙa, ya sake bugawa a hankali.

"Zak... doek."

Lucia ta juyo za ta yi mana bayani. Ni kuwa ba ita nake kallo ba. Hannun Hajiya Bebi ya riga ya isa kan hankicin da ke saman talabijin.

Ta ga na gani. Ta ce hawaye ta hango, ko makaho ya san mai kuka hankici yake so. Na ce haka ne.

Lucia ta ce wa Safwan abin da mahaifinsa ya nema ke nan, hankici. Kalma biyu ce aka haɗa, aljihu da ƙyalle. Safwan ya miƙe yana goge hannu a wando. Ya ce mata da ladabi ya gode, amma ya riga ya gwada waya a ɓoye, ya kunna na'urar gane yare a gaban babansa, wayar ta ce masa ba ta ji komai ba, wani lokacin ta rubuto shirme.

Ta ce dole. Waya tana jiran kalma ta zo mata a dunƙule, da saurin masu yaren. Shi kuwa yana kawo ta a yanke, yadda ake yi wa ɗalibai a aji. Ta ce mutanen Holan ba sa barin fili tsakanin kalmomin da suka haɗa. Mu muna cewa gidan sauro, muna cewa jirgin sama, kowace kalma da wurin zamanta. Su manne su suke yi su zama abu guda mai tsawo, har baƙo ya kalla ya rasa ta inda zai kama. Saboda haka abu na farko da malami ke koya wa baƙo shi ne ya nemo mahaɗin. A nan ake fara sara. Sai bayan an raba su, kowanne ɓangare a fasa shi gaɓa-gaɓa. Nauyin murya kuma galibi a kan kalmar farko yake sauka, shi ya sa bugun farko ya fi ƙarfi.

Ta nuna masa da nata hannun a kan teburi. Huis, sara, arts. Gida da likita, wato likitan iyali. Ta ce in ka ja harafin ƙarshen huis ka kai shi ga arts, ka yanka inda ba gaɓa, mai yaren zai tsaya yana kallonka. Ta ce har sauti yana canzawa a mahaɗin: a zakdoek, k ɗin yana laushi don yana jingine da d, sai ka ji kamar zagduk. Kuma haka Alhaji ya faɗe shi. Mutumin da ya ruɗe, in ji ta, ba ya laushin k a inda ya dace.

Ni dai mahautan kasuwar Kurmi na tuna, yadda ƙwararre ke laluben gaɓa da yatsa kafin ya sa wuƙa, nama ya rabu ba tare da an ji ƙashi ba. Ikram ta taɓa gaya mini ƙasar Holan ɗin ƙasa take da teku. Na ce a raina wataƙila shi ya sa suke manne kalmominsu, kada ruwa ya shiga tsakani. Har safar hannu ma, Lucia ta ce mini a mota, takalmin hannu suke ce mata. Na so in daɗe a kan wannan tunanin, amma Alhaji ya sake bugu.

"Lees... bril."

Wannan karon Hajiya Bebi ba ta motsa ba. Ta harɗe hannuwa cikin mayafi ta jingina da ƙofar kicin. Alhaji ita yake kallo, ba Lucia ba. Ya sake faɗa. Ta kawar da kai.

Lucia ta ce tabarau na karatu yake so.

Safwan ya tambayi mamansa inda suke. Ta ce suna cikin baliz, wato akwatin da ke ta ƙasa, ba za a kwance kaya ba saboda maganar wata da ba a san daga inda ta fito ba.

Ni kuwa sai na tuna wani abu. Wannan kalmar na fi haddacewa, don kullum da hantsi yana faɗinta. Kuma kullum, ina zaune ina shan shayinsu, Hajiya kan tashi ta ɗauko tabarau ta maƙala masa. Na ɗauka sabo ne na mata da miji. Akwai wata mai tsawo da yake faɗi in wuyansa ya gaji, sai ta kawo matashi. Akwai ta bayan cin abinci, sai ta kawo buroshi. Ban taɓa ganin ta kawo abin da ba shi ba.

Safwan ya durƙusa ya zuge akwatin, ya tono tabarau ya sa wa babansa. Alhaji ya ɗaga kai ya sauke, yadda mutum ke yi in an ba shi abin da ya nema. Safwan ya daɗe a durƙushe. Ya ce da Turanci, ba da kowa yake ba, ashe duk wannan lokacin magana yake yi.

Da tabarau a fuska Alhaji ya dubi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi sikelin. Hannun ya tashi.

"Vlieg... tuig."

Ya ture iska da bayan hannu, kamar mai korar ƙuda.

"Nee."

Ya maimaita. Ya sake maimaitawa, bugun yana ƙara ƙarfi har kofin ruwan da ke gefensa ya girgiza.

Lucia ta ce jirgin sama ke nan. Tashi da kayan aiki, aka haɗa. Kalmar ta biyu kuwa ba ta buƙatar fassara. Ba ya son jirgin.

Hajiya Bebi ta ce su aljanun ai ba sa son a kai shi inda za a ƙone su, malamin Maraɗi ya gaya mata a waya za su yi tirjiya.

Lucia ba ta ji Hausar ba, saboda haka ta ci gaba da abin da ke ranta. Ta ce akwai abin da ya ba ta mamaki. A Rotterdam inda ta koyar, g ɗin da ke cikin wannan kalmar daga can cikin maƙogwaro ake kankaro shi, kamar mai kaki. Na Alhaji mai taushi ne, daga saman baki. Wannan na kudu ne, in ji ta, na wajen Beljiyam. Ta tambayi Safwan shekara nawa mahaifinsa ya yi a can.

Safwan ya yi 'yar dariya mara daɗi. Ya ce babansa bai taɓa taka Turai ba. Daga Maraɗi sai Yamai, daga Yamai sai nan, shi yana goye. Ya juya ga mamansa don ta tabbatar.

Ba shi ta amsa wa ba. Ni ta fuskanta.

"Malam Uzairu, gidan nan nawa ne."

"Naki ne, Hajiya."

"An yi dubiya, an gode. Ka ɗauki baƙuwarka."

Na fara laluben sandata. Gaskiya na yi niyyar tashi. Shekara da shekaru ina cin tuwon matar nan, ita ta yi wa Ikram rakiya ranar da aka kwantar da mahaifiyarta. Amma na dubi aminina da tabarau a karkace a hanci, na tuna gobe war haka yana sama, yana bugun hannun kujerar jirgi ba mai ji. Na mayar da sandar na jingine.

Na ce mata ƙafata ta riƙe, ba zan iya tashi ba sai ta saki.

Safwan ya ce Mama a bar su tukuna. Ta ce shi da wa yake magana. Ya ce da ita yake, cikin ladabi. Ta ce tun yaushe ɗan da ta goya ya fara zaɓa mata wanda zai zauna a falonta. Muryoyinsu ba su tashi ba, hakan ya fi tsorata ni.

Suna cikin haka Alhaji ya fara wata kalmar.

"Zie... ken..."

Ya sara da gefen hannu. Hannun ya tsaya a sama.

Abin da ke bayan mahaɗin ya ƙi zuwa.

Ya koma farko. Bugu mai ƙarfi, bugu mai taushi, sara. Shiru. Leɓensa ya yi ta motsi ba sauti. Jijiyar wuyansa ta fito. Ya sake komawa, wannan karon yawu ya zubo ta gefen da ya mutu, numfashinsa ya fara sarƙewa kamar na wanda ya hau bene da gudu.

Safwan ya ce wa Lucia ta ƙarasa masa mana.

Ta ce ba za ta iya ba. Rabin farkon yana nufin marasa lafiya, kuma kalmomi da yawa ake ɗaura masa. In ta sa wagen, ya zama motar ɗaukar marasa lafiya, ke nan yana jin wani abu a jikinsa yanzu, a kira taimako. In ta sa wata, ya zama asusun magani. In ta sa wata, ya zama wurin kwanciya. In ta zaɓa masa kuskure zai iya kamawa don ya huta, mu kuma mu bi kuskuren. Sai wanda ya san abin da ya saba nema.

Safwan ya ciro waya, yatsansa a kan lambar gaggawa. Ya tambayi babansa da Hausa ko ƙirjinsa ne, ya tambaye shi da Turanci. Alhaji ya girgiza kai da ƙarfi, ya sake ɗaga hannu. Fuskarsa ta yi duhu.

"Zie... ken..."

A nan kunnena ya kama wani sauti daga bayana. Ƙaramin sauti ne, na zobe a jikin katako. Hajiya Bebi tana jingine da ƙofar kicin, idonta a rufe, yatsunta sun fito daga ƙarƙashin mayafi suna bin nasa. Mai ƙarfi. Mai taushi. Ta juya gefen hannu ta sara. Ba na jin ta san tana yi.

Alhaji ya shaƙe. Kansa ya faɗa baya.

"Huis," in ji Hajiya Bebi.

Daga baya na yi kwana da kwanaki ina ƙoƙarin fitar da wannan sautin na tsakiya, Lucia tana gyara mini baki tana dariya, ban iya ba. Daga bakin Hajiya ya fito sumul, kamar na wadda ta sha sayen burodi da shi.

Alhaji ya saki numfashi. Ya buga bugun ƙarshe. "Huis." Ya nuna akwatunan ya girgiza kai, ya nuna ƙofa. "Ziekenhuis."

Lucia ta ce asibiti yake so a mayar da shi. Ta faɗa a hankali, tana kallon Hajiya.

Motocin Wendover kaɗai ake ji.

Safwan ya ajiye wayar a kan akwati.

"Mama, kina jin abin da yake faɗi."

Ta gyara mayafi.

"Tun ranar farko kina ji?"

"Tun ranar farko."

"Kika ce aljanu ne."

"Na ce."

Ta zo ta zauna a kan akwatin da ake aunawa. Ta yi maganar tana kallon kafet. Ta ce kafin Amurka sun zauna a Beljik, wato Beljiyam ɗin, a garin da Faransawa ke ce wa Anbers. Sun fara da sansanin 'yan gudun hijira, daga baya aka ba su ɗaki. Wata tsohuwar Baturiya ce ta koya musu yaren a ƙarƙashin wani coci, tana kama hannun kowa tana buga masa a teburi, tana cewa a nemo mahaɗi tukuna. Alhaji ya fi kowa ƙwazo a ajin. Da papiye, wato takardun zama, suka ƙi fitowa, wani ya nuna musu wata hanyar, da sharaɗin in sun iso nan su ce daga Nijar suka taso kai tsaye. Suka rantse wa juna yaren nan ba zai sake fita daga bakin ɗayansu ba. Suka riƙe rantsuwar, har ciwo ya zo ya kwashe komai ya bar wannan kaɗai.

Ta ce ranar da matar asibiti ta ce za ta nemo tafinta a rubuta sunan yaren a inji, wato kwamfuta, ranar ta daina barci. Abin da ya shiga injin lokotoro, wato likita, in ji ta, yana isa injin masu papiye. Za su tambaya a ina ɗan Maraɗi ya koyi yaren Anbers. In suka ja wannan zaren, na Alhaji zai warware, nata zai warware, na Safwan ma da aka ɗora a kan nasu zai warware.

Safwan ya ce ba haka abin yake tafiya ba, asibiti ba ya kai rahoton mutum. Ta ce shi nan ya girma, yana ganin kowace ƙofa da sunanta a jiki. Ita ta ga ƙofofin da ke buɗewa ta baya.

Ya ce ko da haka ne, akwai lauyoyi, a je a tambaya. Ba za a ɗauki mutum mai hankalinsa a kai shi a ɗaure ana tofa masa ruwa ba, yana roƙon asibiti.

"Gara a ce miji na da aljanu," ta ce, "da a ce ɗana ba shi da ƙasa."

Na so in ji haushinta, ya ƙi zuwa.

Safwan ya ɗauki wayar. Ya ce zai soke tikitin yanzu, gobe kuma zai kira matar koyon maganar ta dawo, in Lucia ta yarda ta riƙa zuwa tare da ita. Lucia, da ya fassara mata, ta ce ta yarda. Ta ce sau da yawa yaren da ya tsira shi ake takawa a nemo sauran, ko da yake wannan aikin masu asibiti ne, ita dai za ta zama baki.

Hajiya Bebi ta miƙe ta riƙe hannun Safwan da wayar a ciki.

"Kada ka soke."

"Mama, na ji maganar papiye. Ni na ɗauka."

"In bakin nan ya buɗe ba iya tabarau zai nema ba."

Safwan ya tsaya yana kallonta. Ya tambaye ta me kuma ya rage. Ta ce ya bar abiyo, wato jirgin, ya tafi da su gobe, in sun isa gida za ta zaunar da shi ta waya ta gaya masa komai da bakinta, a hankali, yadda ya dace. Ya ce a'a, babansa yana nan zaune, shi zai tambaya.

Ya zare hannunsa ya je ya durƙusa inda Lucia ta durƙusa ɗazu.

Alhaji bai buga kujera ba. Ya miƙa hannun hagu ya kama wuyan hannun Safwan ya juya shi, ciki a sama, kamar mai duba bugun jini. A nan ya buga, da yatsa biyu.

Hajiya ta ce, "Alhaji, don Allah." Sannan ta faɗa masa wani abu da yaren, gajere. Bai dube ta ba.

"Twee... ling..."

Ya sara a kan fatar ɗansa.

"Broer."

Bai tsaya ko sau ɗaya ba. Wannan kalmar ba ta ba shi wahala ba, kamar ta daɗe a bakin ƙofa tana jira.

Safwan ya waiwayi Lucia. Ta dubi Hajiya, Hajiya ta juya mata baya. Ta dube ni, kamar ni zan ba ta izini, ni da ban san ko me aka ce ba.

Safwan ya ce ta faɗa.

Ta ce kalma biyu ce. Ta ƙarshen ita ce ɗan'uwa namiji. Ta farkon kuwa, ta ɗaga yatsu biyu ta manne su, 'yan biyu.

Safwan ya ce shi kaɗai iyayensa suka haifa. Ya faɗa da Turanci, ya sake faɗa da Hausa. Ya ce wataƙila Baba nasa ɗan'uwan yake nufi, ko wani a Maraɗi. Ya tambaye ni ko na taɓa jin Baba yana da tagwai. Na ce ban taɓa ji ba.

Alhaji bai saki hannun ba. Ya jawo shi kusa, har goshinsu ya kusa haɗuwa. Ya sa yatsa a ƙirjin Safwan ya danna. Bakinsa ya yi ta kokawa, amma wannan kokawar daban ce, harshen yana neman wani wuri da ya daɗe bai je ba. Ya buga sau uku a wuyan hannun, ba sara a tsakani.

"Hu... sai... ni."

Lucia ta girgiza kai ta ce wannan ba yaren Holan ba ne.

Ba wanda ya buƙaci ta faɗa. Ita ce kalma ta farko irin tamu da ta fito daga bakinsa tun ranar da ya faɗi, kuma duk wanda ya sha nonon Hausa ya san ba a raɗa wa yaro Husaini shi kaɗai.

Safwan ya miƙe a hankali. Wayar ta zame daga hannunsa ta faɗi a kan kafet.

"Mama," ya ce, "ina Hassan?"